Injin Lanƙwasa Kwano da Jaki Zai Ɗauka

Zuwa ga ɗana Mahamadu, a Kano.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka da ta iyali? Mu nan Tawa sai godiya.

Ka tambayi wane injin lanƙwasa kwano za ka sayo wa ƙanenka Illo. Sayo ƙaramin da jaki zai ɗauka. Babban a gari zai zauna, Illo kuwa aikinsa na ƙauye ne. Makon jiya a Barmu, yana bisa rufin makaranta yana lanƙwasa kwanon bakin gini da gwiwa, iska ta fizge shi. Da ƙyar ya kama katako, yana reto. Yanzu ko ganye ya motsa, gabana faɗuwa yake.

Gaida maiɗakinka, ku sa Illo a addu'a. Ka hanzarta, Mahamadu, ya riƙa lanƙwasawa a ƙasa. Gobe ma zai hau.

Mahaifiyarka.