Ƙiriniyar Nura Ashe Ciwo Ce

Zuwa ga shugabannin da ke riƙe da makarantun firamare da asibitocin cikin birni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ranku ya daɗe. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. An ce yanzu mulkin farar hula ne, talaka ma yana da bakin magana, shi ya sa na rubuto.

Ranar da na kai 'yata Ummi asibiti saboda ƙonewar da ta yi a murhu, likita ta lura ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta shiga yi mini tambayoyi: tana manta aike? Tana katse magana? Tana tsallaka titi ba ta duba ba? Ina amsawa, sai na ji ashe yayanta Nura nake kwatantawa, shi kuwa yana kabari. Likita ta ce matsala ce ta rashin tattara hankali, da ita ake haihuwar yaro, kuma ana maganinta. A nan na gane ɗana ba fitinanne ba ne. Ga kukana guda uku.

Na ɗaya. Nura ya sha bulala, ya sha rubutu, kakarsa ta yi masa turare. Da malaminsa ya gaji, sai ya mayar da shi ɗan aike don aji ya huta: sayo ƙosai, kai saƙo, ɗebo ruwa. A wajen aiken nan mota ta buge shi a titin Ƙofar Dawanau, ana tsakiyar darasi. Masu shago sun ce tantabara ya bi da kallo. Na yarda kwanansa ne ya ƙare, kuma na yafe wa malamin, don shi ma ba wanda ya sanar da shi.

Na biyu. Likita ta rubuta wa Ummi magani. Babu shi a asibitin, na zaga kemis-kemis har Shahuci, wasu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Na uku, shi ya fi ci mini rai. Likita ta ce ko ba magani akwai dabara: a zaunar da Ummi gaban aji, a riƙa ba ta aiki kaɗan-kaɗan, a yaba mata in ta gama. A gida ina yi, ina kuma ganin sauƙi. Na je na roƙi hedimasta, ya ce ba a ba shi umarni daga sama ba.

Don Allah ku ba da umarnin. Ku tura likitoci su yi wa malamai bayani, ku hana aiken yara waje lokacin karatu, ku kawo maganin inda za mu same shi. Allah Ya raya muku naku 'ya'yan, Ya sa kada ku ga irin ranar da na gani.

Har yau Ummi tana zaune a bayan aji, ba ta fara shan magani ba, kuma malamarta ta fara aikenta.

Wassalam, taku mai jira,
Mahaifiyar Nura da Ummi, Dukawuya.