An ce jikin maigidana ya ƙi ƙarfe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ina rubutun nan ne hawaye na zuba.

Ni matar aure ce a Gaya ta Nijar, muna da 'ya ɗaya. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗauko kaya daga Kwatano. Bara ya yi hatsari a hanyar Doso, muƙamuƙinsa na ƙasa ya farfashe. Aka kai shi Yamai, likitoci suka yi masa aiki, suka haɗa ƙashin da wani siririn ƙarfe da kusoshi. Wallahi sun yi ƙoƙari, fuskarsa ta dawo, har tuwo ya fara ci. Da za a sallame mu suka ja kunnensa, ban da sigari, ya riƙa wanke baki da maganin da suka rubuta, kuma kada ya tsallake randebu, wato ranar komawa asibiti. Yana jin sauƙi ya koma mota, ya koma sigarinsa, ni da na yi magana na zama mai mita.

Bayan azumi wurin ya kumbura ya fara ruwa, har ƙarfen ya leƙo ta cikin dasashi. Muka koma Yamai tare da mahaifiyarsa, Inna. Likita ya yi dogon bayani da Faransanci, ni na yi lakwal, wato boko, na gane. Ƙwayar cuta ce ta zauna a jikin ƙarfen, dole a cire shi, a kankare wurin, a yi magani, in ya warke a sake gyara, ƙila da ƙashin jikinsa. Amma wanda ya fassara wa Inna sai ya taƙaita, ya ce jikinsa ne ya ƙi ƙarfen.

To kun ji kalmar da ta kashe ni. Maigidana jikan 'yan tauri ne, tun yana yaro baffansa na Tanda ya ba shi maganin ƙarfe ya sha. Inna na jin haka ta washe baki a gaban likita, wai dama ta san za a yi haka, ƙarfe ba ya kwana jikin ɗanta. Muna dawowa gida magana ta bazu, mutane na zuwa dubiya kamar masu zuwa barka. Shi kuma, mutumin da ciwo ya sa ya daina fita majalisa, sai na ga ya fara ɗaga kai. Yanzu ya ce ba inda za shi. Baffa ya aiko cewa a bari, magani zai turo ƙarfen waje da kansa, in ya ƙi, ranar Juma'a zai zo ya taimaka masa, ya zaro ƙarfen da hannu.

Jama'a, bakin nan wari yake. Zazzaɓi ba ya barinsa, kunu kawai yake iya sha. 'Yarmu da ba ta barci sai a ƙirjinsa, jiya ya miƙa mata hannu ta toshe hanci ta ɓuya bayana. Ya yi dariya, amma na ga idonsa.

Raina ya ɓaci, na tambaye shi, ranar da ƙarfen mota ya farfasa masa fuska ina maganin yake, da wuƙar likita ta yanka shi ina yake? Sai ya ce min, tun hatsarin nan wannan ne abu ɗaya da aka yabe shi a kansa, shi ma ina so in ƙwace. Ya ce in na kuskura na kira likitan, a bakin aurena. Tun daga nan bai karɓi kunu daga hannuna ba, Inna ke dama masa.

Ina sonsa wallahi, ban taɓa son wani ba. Lambar likitan na cikin wayata, yau Laraba. In kira, in rasa aurena? Ko in yi shiru in zauna matarsa, in share tsakar gida in shimfiɗa wa Baffa tabarma?