Motar da ta yi tafiya ba tanki

Gunvor,

Na bi jirgin ruwan safe zuwa tsallake neman tankin mai, ban so in tashe ki ba.

Jiya kina gidan ƙanwarki, ni da maƙwabcinmu Torfinn muka kwance tankin tsohuwar motarki. Mai da lantarki duka take ci, amma tun bara lantarkin kawai take ja, man ya kwanta ya lalace, ciki duk tsatsa da ruwa. Ni kaɗai na cicciɓo shi, shi gwiwa ta hana shi.

To, ji abin al'ajabi. Na shiga in kunna rediyo, hannuna ya bugi giya, sai ga mota tana tafiya! Ba tanki, ba ƙara, sululu har bakin shingen tumaki. Torfinn na ihu, "Sauko, tsohon kawai, fatalwa ce ke jan ka!" Na ce, "Ni da teku ta haɗiye sau biyu ta tofar?" Amma fa tsigar jikina ta tashi. Ban yi makaranta ba, duk da haka ba injin da ya taɓa gagarata. Wannan kuwa an cire mata ciki tana yawo!

Kada ki hau ta zuwa ganin likita yau. Za ta tashi lafiya lau ta ruɗe ki, sannan in batir ya ƙare, ba man da za ta koma kai, ta mace miki a kan tudu cikin ƙanƙara. Torfinn zai kai ki.

Makullin yana aljihuna, don na san halinki, sai kin gwada. Bari in dawo mu shiga tare.

Eilif