Duwatsu Huɗu a Bakin Kwarinmu

Zuwa ga Mai Girma tsohon depitenmu a majalisar dokoki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan gajiyar mulki ta sake ka. Ni manomin shinkafa ne daga wani ƙauye a karkarar Tunuga. Ba ka san sunana ba, amma ka san gonata, don sau huɗu kana tsayawa a cikinta da takalmi mai ƙyalli.

Ran kasuwar Gaya na ji ka a rediyo kana fassara yadda yankinmu ke sauya ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. Ka ce ba mu da alƙibla, yau muna nan gobe muna can. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Tsakaninmu da hanyar Gaya akwai kwari wanda ke cika da damina, gonata tana bakinsa. Gada muke so, ba mu taɓa roƙon wani abu ba. A zaɓen farko da na kaɗa ƙuri'a, garinmu kaf ya bi ɗan yankinmu, don mutanensa sun zo da makaɗa sun aza dutsen gada a kusurwar gonata. Ni na riƙe musu kwanon siminti. Har ƙwalla na yi.

Na biyu. Da zaɓe ya zagayo, sai ga mutanen ɗan takarar gabas. Suka ce dutsen farko an aza shi a karkace, suka aza nasu taku goma gaba. Muka juya gare su. Bayansu na arewa suka zo da dutse mai allon ƙarfe, muka sake juyawa. Na huɗun kuwa ana gab da zagaye na biyu aka kawo shi a gaggauce, simintin bai bushe ba akuya ta taka, sawunta na nan har yau. Kowane dutse ya ci mini wurin da ke ba da dami biyu, kuma an hana ni noma kusa da shi, wai kayan gwamnati ne.

Na uku, kuma a gafarce ni. A duk bukukuwan nan huɗu kai ne ke riƙe da lasifika. Hula ce kawai ke sauyawa, da hoton da ke jikin atamfar mata. In mu marasa alƙibla ne, ranka ya daɗe, bayanka muke bi. Mu ba mu taɓa sauya ɗan takara ba: gada muke zaɓa tun farko, ita ce dai ba ta taɓa cin zaɓe ba.

Na huɗu. Daminar da ta wuce amalankena ya kife a kwarin nan da shinkafar da zan kai kasuwa. Shinkafa ta bi ruwa, bijimin da ke jan amalanken ya karye a ƙafa, dole aka yanka shi a bakin ruwa. Shekara shida yana yi mini noma. Ina tsaye ana fiɗa, duwatsunku huɗu na kallona.

Washegari ni da maƙwabta muka tono su duka muka jera a cikin kwarin. Ina mai farin cikin sanar da kai cewa sun fara aiki. Jam'iyyun da ba su ga maciji da juna, ga su kafaɗa da kafaɗa a cikin laka, mata na taka su da tulu a ka. Sai dai sun kai mu tsakiyar ruwa ne kawai, daga nan mutum ya naɗe wando.

Don haka roƙona biyu ne. Ka daina zaginmu a rediyo. Sannan duk ranar da aka sake buga gangar zaɓe, kowace hula ke kanka, ka taimaka ka zo da dutse, babba mai faɗi. Mun auna da igiya, saura uku mu kai gaci. Ba sai an kawo makaɗa ba, kuma kada a wahalar da kai zuwa gonata, a sauke shi cikin ruwa kai tsaye.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwananka har ka ga zaɓe uku nan gaba, don mu samu mu haye.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mai gonar bakin kwari.