Cigiyar Ƙanwata da Kuka Kulle a Shafin Intanet

Zuwa ga Alhaji Sanda, shugaban ƙungiyar 'yan asalin Kukar Jatau mazauna Maraɗi da Yamai, tare da 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ina gajiya, ina ɗawainiyar jama'a? Allah ya ba da lada.

Ni ne Idi Sankira, abokin mahaifinka marigayi Ɗan Jimmai maƙeri. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko, allon ma ban yi nisa ba, don haka Mushe Isuhu, yadda muke kiran malaman boko ke nan, tsohon malamin lakol ɗin garinmu da ya aje aiki, shi ke riƙe da alƙalami. Na ce mashi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mani magana. In ka ji kaushi, nawa ne. Na kuma ce a karanta ta a rediyo, a watsa ta a wayoyin 'yan ƙungiya, domin sau uku ina aika maka saƙon baki, sau biyu ina hawa mota zuwa buronku, wato ofishinku na Maraɗi, abin da nake samu shi ne ruwan sanyi da "sai Alhaji ya dawo".

Na ɗaya. Bari in tuna maka aikina, tunda ka daɗe a birni. Sama da shekara hamsin ina cigiya a kasuwa. Agiye, Gazawa, har Gidan Rumji in akwai dalili, duk na ci su, da ƙafa, da jaki, daga baya a bayan motar hatsi. In jakin mutum ya ɓace, ko maraƙin Bafulatani ya bi wani garke, ko yarinya ta saki zanen uwarta cikin cunkoso, ni ake nema. Ba a cigiya da sassafe, lokacin ana kasa kaya, babu mai jinka. Sai rana ta ɗaga, kasuwa ta cika, hayaniya ta kai inda za ta kai, sannan in hau amalanke in ɗora hannu a kunne. Wuri uku nake tsayawa: wajen 'yan hatsi, wajen kara inda dabbobi suke, sai tasha, don matafiya su tafi da maganar. A kara kuma sai na maimaita da ɗan Fulatancin da na tsinta, suna yi mani dariya, amma suna ji. Akwai wata Bafulatana, Inna Dija, da na samo mata karsana a wata kasuwar Gazawa. Har ta rasu ba ta taɓa wuce ni da ƙwaryar nono ba tare da ta sauke ba. Waɗannan kwanaki sun wuce, Alhaji. Yanzu kowa ya duƙa a kan wayarsa, in ka yi kira a kasuwa sai a ɗauka ka zare. Ban yi fushi da zamani ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a duk shekarun nan ban taɓa kwana da cigiya a bakina ba, ban kuma taɓa jiran mai gari ko hakimi ya zo ya zauna a kujera kafin in buɗe baki ba.

Na biyu. Ba gadon sankiranci na yi ba, ubana manomi ne. A wata shekarar yunwa, tun Nasara bai tafi ba, rumbunanmu suka ƙare kafin a yi shuka. Kawunmu ya kwashi iyalinsa zai yi kudu, ya ƙetare iyaka ya nemi abin kaiwa baki, sai innarmu ta haɗa shi da ƙanwata Tsahara, don a rage baki ɗaya a gida. Shekararta shida, ni ina da kamar goma sha ɗaya. Bahaguwa ce, tana da tabon ƙunar kunu a damtsen dama, ba ta iya cewa Idi ba, sai Didi. Ni na goya ta har bakin kukokin nan na gabas da gari, na sauke ta, na ce da kaka za ta dawo. Da kaka sai labari ya zo cewa kawu ya rasu a hanya, matarsa ta wuce gaba da yaran, babu wanda ya san inda ta nufa. Innarmu ba ta iya ɗaga murya cikin maza, sai ta riƙa tura ni kasuwa in faɗa. Daga nan mutane suka ji ina da maƙogwaro, suka fara ba ni nasu. Duk cigiyar da na yi a rayuwata, ta jaki ce ko ta akuya, da sunan Tsahara nake rufewa. 'Yan kasuwa har sun haddace, wasu su riga ni faɗa. Mahaifinka ya sha raka ni, shi ne mai riƙe mani gorar ruwa.

Na uku. Damina biyu ke nan da kuka zo garinmu da mota biyu da na'urar ɗaukar murya. Kai da bakinka, a gindin itacen bedin ƙofar mai gari, ka ce za ku yi wa Kukar Jatau shafi a intanet, duk ɗan garin da ke ko'ina a duniya in ya rubuta sunan garin a wayarsa zai gan mu. Ka ce mani, Baba Idi, wannan cigiya ce da ba ta gajiya, ba ta shaƙewar murya. Wallahi a ranar na yarda da kai. Kwana uku ina zaune a kan tabarma ina zayyano sunayen waɗanda yunwa da fatauci da ci-rani suka fitar daga garin nan ba su dawo ba, gida-gida, da sunan uwa da na uba da alamar jiki. Na bar noman gyaɗata ga maƙwabta. Na bi tsofaffin mata ɗaki-ɗaki na lallashe su suka yi magana, har da waɗanda suka rantse ba za su sake ambaton wanda ya tafi ba. Goggo Asabe ta yi kuka kafin ta faɗi sunan ɗanta Bawa. Ta rasu da kakar bara, kuma duk lokacin da na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni ko wayar ta amsa. Ni na ja ta cikin wannan magana, ni nake jin kunyarta.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni zama. Wata uku da suka wuce ina tashar Gazawa, a rumfar mai shayi, sai na ji wani direban babbar mota, Mamman, mai kai wake kudu, yana ba da labari. Ya ce motarsa ta taɓa lalacewa a hanya, can gaba da Zariya, wani bakanike a garejin bakin titi ya ga lambar Nijar ya tambaye shi ko ya san wani gari Kukar Jatau. Bakaniken ya ce uwarsa tsohuwa ce, ba ta ko fita yanzu, tun yana ƙarami take cewa daga can aka kawo ta tana yarinya, amma ba ta san ko wane yanki ne ba, sunan kawai ta riƙe. Bakaniken ya ciro wayarsa ya nuna wa Mamman, ya ce ya rubuta sunan nan ya fi a ƙirga, ba abin da ke fitowa. Mamman mutumin Gidan Rumji ne, bai san ƙauyenmu ba, ya ce mashi bai sani ba, aka gyara mota ya wuce, ko lambar waya bai karɓa ba. Da na ji haka shayin ya zube a rigata. Na tambaye shi ko tsohuwar bahaguwa ce, ya ce bai gan ta ba. Ban ce Tsahara ce ba, Alhaji. Mata da yawa sun fita daga garin nan. In ba tawa ba ce, ta wani ce, kuma sunanta yana cikin waɗanda na ba ku. Na tura babban ɗana Lawali da kwatancen Mamman, ya yi kwana biyar, ya tarar an faɗaɗa titi an tashi masu garejin, kowa ya kama gabansa. Hanya ɗaya ta rage: mutumin nan ya sake rubuta sunan garinmu a wayarsa, ya same mu.

Na biyar. Na zo buronku da wannan labari. Sakatarenka ya buɗe mani shafin a ordinater, wato kwamfuta, na ga hotona, na ga kukokinmu, ya karanta mani sunan Tsahara da tabon damtsenta. Na ji daɗi har na sa mashi albarka. Da na dawo gida na ce wa Mushe Isuhu ya rubuta Kukar Jatau a wayarsa, a wurin nan da ake rubuta abu a nemo shi, wanda ya ce ana kira injin bincike. Ya rubuta, babu. Ya haɗa da Agiye, babu. Muka gwada wayar limami, muka gwada ta mai kanti, babu. Ashe sai wanda aka ba adireshin shafin a hannu ne kaɗai zai iya shiga. To wanda ya san adireshin ai ba shi ne ya ɓace ba!

Mushe ya nemo lambar wanda ya gina maku shafin, Injiniya Salisu, muka kira shi, na sa aka buɗe murya don in ji da kunnena. Mutum ne mai ladabi, bai ɓoye komai ba. Ya ce aiki ya ƙare tun bara. Ya ce akwai wani makulli da ake sa wa shafi yayin da ake gininsa, mai gaya wa injinan bincike su wuce kada su shiga, kuma har yau ba a cire shi ba. In an cire, sai a miƙa masu adireshin, a ce ga mu nan, ku zo ku duba ku sa mu cikin abin da kuke nuna wa jama'a. Na ce aikin kwana nawa ne? Ya ce bai kai a dafa shayi a sha ba. Na ce tsada ce ta hana? Ya ce kyauta ake yi. Na ce to me ake jira? Ya ce umarnin shugaba, don an ce kada kowa ya ga shafin sai ranar bikin ƙaddamarwa, in manyan baƙi sun hallara, babban baƙo ya danna da yatsansa a tafa. Ya ƙara da wani abu da ya tsaya mani a rai: ko yau aka miƙa, sai an yi kwanaki, wataƙila makonni, kafin sunan ya fara fitowa. Wato kowace ranar da kuka ƙara, a kan wani jiran kuke ɗora ta.

Bikin nan sau uku ana ɗaga shi, Alhaji. Na farko babban baƙo ya yi tafiya. Na biyu ya faɗo cikin azumi. Na uku aka ce yadin anko bai iso ba. Na san ka tun ranar sunanka, ni na yi shelar ragon, ba zan ce kai mugu ne ba. Kana so garinmu ya fita kunya a gaban manya, na gane. Amma sunayen nan ba kayan ado ba ne da za a lulluɓe sai ranar nuni. Mutane ne aka ba ku amana. Ni na haura tamanin, in tsohuwar can Tsahara ce ta haura saba'in, kuma an ce ba ta fita.

Ga abin da nake roƙo, tunda roƙo ya kamata in kira shi.

Ka kira Injiniya Salisu a ranar da wannan takarda ta same ka, ka ce ya cire makullin ya miƙa shafin ga injinan bincike, duk waɗanda ake da su, ba guda ɗaya ba.

A sa lambar wayar wanda ke zaune a garin, wanda zai ɗauka in an kira, ba ta buron da ke rufe rabin mako ba. Mushe Isuhu ya yarda a sa tashi.

A dawo da sunayen can sama inda ido zai fara sauka. Yanzu sai an wuce hotunan 'yan kwamiti da jawabinka kafin a kai gare su, sakatarenka ma sai da ya daɗe yana ja.

Bikinku kuma ku yi shi duk ranar da kuka ga dama. Babban baƙo ya danna abin da zai danna, babu wanda zai gaya mashi an riga an buɗe. In ina raye zan zo in zauna a gaba in tafa.

In kuwa Juma'a biyu suka wuce Mushe ya rubuta sunan garinmu bai fito ba, ya kira Injiniya aka ce har yanzu ba a ba da umarni ba, to na riga na gama shawara. Zan hau motar wake in ƙetare iyaka, in sauka gaba da Zariya, in bi garejin bakin titi ɗaya bayan ɗaya da 'yar muryar da ta rage mani. 'Ya'yana sun ce ba zan je ba, sun ɓoye mani katin shaida. Na gaya masu ban tambaye su ba. Likita ya ce ƙirjina ba zai ɗauki doguwar tafiya ba, shi ma na ji. Ba barazana nake maka ba, ɗana, ina gaya maka ne don kada daga baya ka ce ba ka sani ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, ya jiƙan Ɗan Jimmai da Goggo Asabe da innarmu. Allah ya raya maka zuriya a gabanka, kada ya nuna maka ranar da za ka sauke ɗaya daga cikinsu a bakin gari ka dawo kai kaɗai.

Wassalam.

Naka, Idi Sankira, Kukar Jatau, ƙasar Agiye.
Na dangwala yatsana a ƙasa, Mushe Isuhu shaida ne.