Tokar da na zuba wa wiwin mamanki

Zimkhitha, 'yata,

Sannu da hanya. Ba za ki same ni ba, motar ma'aikata ba ta jiran kowa.

Wiwin da kika bar min amana a ɗakin baya ba shi da lafiya, kuma ni na jawo. Da na ga ganyen ƙasa sun fara rawaya, sai na kwashe tokar gashin naman ranar Lahadi na zuba a tukwanen, yadda kakanki yake yi a gonarsa ta Lusikisiki. Na manta tasa tudu ce da ruwan sama ke wankewa, naki kuwa a tukunya yake, ƙarƙashin fitila. Yanzu har sabbin ganyen sun koɗe, bakinsu ya ƙone. Na tsoma abin awon tsamin ƙasar nan naki, ya haura takwas, ke kuma shida kika ce ya kamata ya nuna.

Maƙwabcinmu Mzoli ya leƙo, ya ce, "Kai tsoho, shayarwa aka sa ka, ba gashi ba!" Ko dariyar ban iya ba. Na kwashe tokar da ta kwasu da cokali, ban sake taɓa komai ba. Ki yi haƙuri, na gaji.

Man wiwin da ke sa mamanki ta iya cin abinci bayan allurar asibiti saura kaɗan a kwalba, kuma daga shukokin nan za a samu wani. Jiya ta ce, "Baban Zimkhitha, yaya shukokin nawa?" Na ce suna nan ƙalau.

Ki duba su kafin ki shiga wurinta. In ba za su tashi ba, kada ki faɗa mata. Ki bari na dawo, daga bakina za ta ji.

Babanki