An Hana Ni Tsokanar Jikana

Litinin, 3 ga Maris
Uban jikana Goshi ya kai mu kotu, wai a ba shi ɗansa. Tun ranar da muka binne 'yata ban sake ganin ƙeyarsa ba, sai yanzu da yaro ya iya wanke kansa. Lauya ta ce riƙon jika ba takardar alƙali ba riƙo ba ne. Ni da na ci kashinsa da fitsarinsa! Tir.

Alhamis, 6 ga Maris
Za a turo wata jami'a ta duba zamanmu. Lauya ta ji ina ce wa Goshi zan musanya shi da akuya, ta zare ido: "Mama, ki rufa mana asiri! Ba tsokana, ba labarin dodo." To me ya rage? Tsohon mijin nan nawa ya ce ko banza kunnensa zai huta.

Asabar, 15 ga Maris
Na zama mutuniyar kirki. "Sannu, jikana. Ka ƙoshi, jikana?" Yaro sai kallona yake kamar baƙuwa, abincin ma ya ture.

Laraba, 19 ga Maris
Jami'ar ta zo, da turarenta mai hawa kai. Ta leƙa banɗaki, ta buɗe tukwanena, ta shafa saman kabad ta duba yatsa. A gidana! Na haɗiye.
Ta ce Goshi ya nuna mata inda yake kwana. Sai ga jakarsa a ƙarƙashin gado, ya cusa kayansa har da buroshi. Ta ce wai ina za ka? Ya ce, "Kaka ta daina ce mini mummuna. Baƙi kawai take yi wa sannu. Bayar da ni za ta yi."
Ban san lokacin da na ce, "Kai, mai goshi kamar rumfar shago, wa zai karɓe ka ko da kyauta?" Ya fashe da dariya, majina shaɓe-shaɓe, ya ƙanƙame ni. Ita kuwa ta yi ta rubutu. Tsoho ya ce na kashe mu.

Alhamis, 20 ga Maris
Na wuni ina leƙen ƙofa, ko za a zo ɗaukarsa.

Talata, 1 ga Afrilu
Alƙali ya bar mana shi, a rubuce. Jami'ar ta ce yaro ya san gidansu. Amma uban zai riƙa zuwa duk Asabar. A falona. Allah ya sawwaƙe.

Asabar, 12 ga Afrilu
Ya zo. Ya zauna a bakin kujera yana murza hula. Na ajiye masa ruwa, na ga goshin nan, sak. Na ce, "Ashe nan aka kwaso rumfar."
Ba a wasa da suruki, na sani. Baki ne ya kuɓuce.